Kambas ɗin da ya koyi kama feda

Keken ya zo hannuna ne da fedarsa, ba ni na zaɓe ta ba. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai na jingine babur a zaure na shiga neman keke. A unguwar Kawo ta Kaduna nake zaune, wurin aikina kuma kusa da Ahmadu Bello Way yake, titin Ali Akilu ne miƙe, bai fi ƙarfin mai lafiya ba. Na samu wani ɗan gwanjo mai giya, irin na hawan duwatsu, jikinsa garau. Sai dai fedarsa wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne da kaɗan ya fi akwatin ashana, ga baki ga sifirin. Mai sayarwa ya ce in ƙara masa wani abu ya canza min da ta roba irin ta kowa. Na ce a bar ta. Na ga an rubuta Shimano a jikinta, ni kuma ina da wannan halin na maƙale wa abin da ban gane kansa ba.

Sati uku na yi ina taka ta da takalmin zuwa aiki. Kafin in kai Unguwar Sarki tafin ƙafata ya ɗau zafi kamar na taka tsakuwa, domin duk nauyina a kan ɗan wurin nan yake tafiya. Ran nan aka yi yayyafi, na tashi tsaye zan taka da ƙarfi, takalmi ya zame, feda ta zagayo ta sare ni a ƙwauri. Tabon yana nan har yau.

Sai a lokacin na zauna na bi diddigin abin. Ashe feda ce da aka ƙera don ta kama takalmi. Da can masu tseren keke wani ɗan keji na ƙarfe suke zura yatsu a ciki su ɗaure da maɗaurin fata. A 1984 kamfanin Look na Faransa, wanda dama sana'arsa ƙera abin riƙe ƙafar masu zamiya a kan ƙanƙara, ya fito da fedar da ba ta buƙatar keji, Bernard Hinault kuma ya ci gasar Tour de France ta 1985 a kanta. Shi ya sa Turawa ke ce mata kilifles, wai marar keji, alhali kamawar ce aikinta. Ni dai feda mai tarko nake ce mata, don da ka ji ƙarar da take yi in ta kama, ka ji tarkon ɓera. Tawa irin wadda Shimano ta Japan ta fitar ce a 1990, ana ce mata SPD. Akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsa ba, kilit sunansa, ana ɗaure shi a ƙasan takalmi da notuna biyu. Ka zura gabansa cikin bakin feda ka danna, sifirin ya cafke bayansa. In za ka fita, ka murɗa diddige waje, ya sake ka. Abin da ya bambanta ta da ta masu tseren kwalta shi ne kilit ɗinta ƙarami ne, yana lumewa cikin tafin takalmi, mutum ya yi tafiyarsa ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙasa ba.

Kilit bai ba ni wahala ba, na yi oda ta intanet aka aiko min daga Legas. Takalmi ne ya zama aiki. Lamba 45 nake sawa. Na yi Asabar biyu ina tona dilar gwanjo a Kasuwar Barci, na samu ƙafa ɗaya tal ta takalmin keke, ita ma irin ta masu tsere ce mai huji uku, tafinta santsi kamar faranti, ko da ta zo da 'yar'uwarta ba za ta karɓi kilit mai noti biyu ba. Sabo kuwa, da na lissafa kuɗinsa da na kawowa, ya kusa kamo kuɗin keken. Kuma ko da ina da kuɗin, akwai wata magana. Ni ba tsere zan yi ba. Takalmin da zan hau keke da shi, da shi zan shiga ofis, da shi zan je azahar da la'asar, da shi zan tsaya gaisuwar mutuwa a hanya in ta kama. Ba zan riƙa yawo da takalmi na biyu a jaka kamar mai shirin gudun hijira ba. Sai na ce to, me zai hana in ɗaura kilit ɗin a kambas?

Gwajin farko ni kaɗai na yi shi a tsakar gida, wata Lahadi da yamma, kuma zan faɗe shi yadda ya faru don kada wani ya maimaita. Na ɗauko wani kambas mai laushi irin na guje-guje, mai tafin soso. Na ƙwaƙule rami da wuƙa, na huda da ƙusa mai zafi, na zura notuna, na sa washa ta ciki na ɗaure tamau. Na gwada a feda, ta ce ƙwas. Na murɗa, ta saki. Uwargida tana kallo daga bakin murhu, ta ce, "Malam, wannan takalmin fa ko wata shida bai yi ba." Na ce mata ta jira ta gani.

Ta gani kuwa. Kwana biyu abin ya yi daɗi. A rana ta uku, wajen shataletalen Lugard Hall, wani mai Keke Napep ya ci birki a gabana. Na taka nawa, na murɗa diddige, takalmi ya juya, amma ƙafa ba ta fito ba. Na sake murɗawa. Takalmin ne kawai ke zagaya kilit, shi kuwa yana nan cafke a bakin feda, soson ya riga ya yage notunan suna iyo a ciki. Duk wanda ya taɓa faɗuwar feda mai tarko ya san ba faɗuwar gudu ba ce. A tsaye kake cak, kana ji kana gani, ka tafi a hankali kamar katangar da damina ta ci, sannan ka sha ƙasa da keke a maƙale a ƙafarka. Sai da na kwance igiya na zare ƙafa da safa, na bar takalmi yana reto a jikin feda. Wani dattijo mai goro ya taso yana cewa "Sannu Malam, sannu, farfaɗiya ce?" 'Yan makaranta kuwa ba su ɓoye dariyarsu ba. Gwiwar hannu ce kawai ta ɗaye, amma kunyar ta fi ciwon.

Da yamma na kai takalmin wurin Baba. Tsoho ne mai gyaran takalmi a bakin layinmu, tun ina firamare yake zaune ƙarƙashin darbejiyar nan da akwatinsa da basillarsa. Nufina ya liƙe min soson kawai. Ya juya takalmin, ya zura yatsa a ramin, ya ce in kawo fedar ya gani. Na turo keken gabansa. Ya daɗe yana danna sifirin da bakin filaya, ya sa na nuna masa yadda ake murɗa ƙafa.

"Yaro, wa ya ce maka ana kafa ƙusa a soso?"

Na ce ai na sa washa.

"Washa danna take hanawa. Wannan abin naka murɗawa yake so. Ka ga in za ka buɗe kwalba, hannu ɗaya ya riƙe, ɗaya ya murɗa. Kai a nan wa ke riƙewa?"

Maganar kenan gaba ɗaya, kuma sai da na sha ƙasa na ji ta. Takalmin keke na gaske ba ramin ne sirrinsa ba. Tafinsa ne mai tauri, da wani farantin ƙarfe a ciki mai ramukan tiredi, wato zanen nan da noti ke bi in ana ɗaure shi, ta yadda in ka murɗa diddige, takalmin duka da kilit suke juyawa tare, sifirin ya buɗe dole. Taurin nan kuma shi ke baza nauyin mutum a faɗin tafin ƙafa, maimakon ya taru a wuri ɗaya ya yi ta ƙuna. Baba ya ce in nemo takalmin da ya dace, in nemo mai ƙarfe, shi nasa yanka da liƙi da ɗinki.

Na koma Kasuwar Barci, wannan karon da idon da aka wanke. Duk kambas ɗin da na ɗauka sai in lanƙwasa shi, in murɗa shi kamar mai matse wanki, in danna tafin da farce. Mai soso na ajiye. Mai iska a diddige na ajiye. Akwai wani da ya yi min kyau ƙwarai, na zare shimfiɗar ciki na danna, na ji ƙasansa rami-rami ne kamar saƙar zuma, kitse ake wa kallo ashe rogo ne. Wanda na saya baƙi ne, saman fata, tafinsa shimfiɗaɗɗe na roba mai nauyi, an zagaye shi da ɗinki, kaurinsa a gaba ya ɗan haura santimita ɗaya. Lamba 46 na ɗauka da gangan, domin ƙarfen da za a sa zai ci wuri.

Sai awo. Wannan ne wurin da ya kamata mutum ya ɓata lokaci, don huji ba ya komawa. Na sa takalmin na ɗaure, na laluba ta waje na samu ƙashin nan da ya turo a gindin babban yatsa, na sa alama da alli. Na yi haka a gindin ƙaramin yatsa, wanda ya ɗan fi komawa baya. Na juya takalmin na ja layi daga kowace alama, tsakiyar kilit tana faɗawa tsakanin layukan biyu, daidai inda sandar feda za ta ratsa. Bayan haka na hau kan tebur na saki ƙafafu suna lilo, don in ga inda kowace ta fuskanta in ba a tilasta mata ba. Ta dama miƙe take. Ta hagu ta ɗan karkace waje, abin da ban taɓa lura da shi ba a shekara arba'in da nake takawa da ita. Na zare shimfiɗar ciki na ɗora a kan kwalin indomi na zana, na yanke, na sa ɗigo biyu inda notuna za su bi. Tsakaninsu milimita 14 ne daga tsakiya zuwa tsakiya, haka kilit ɗin SPD yake, ba a ƙari ba a ragi.

Da kwalin nan da kilit da feda ɗaya a aljihu na shiga tsohuwar Panteka. Wanda bai taɓa shiga ba, ya ƙaddara gari ne guda da babu abin da ake ji sai guduma da kukan giranda, ana narka alminiyam a nan, ana walda ƙofa a can, wani na haɗa injin niƙa daga abin da wani ya zubar. Mutum biyu na farko da na nuna wa suka ce aikin ya yi musu ƙanƙanta. Na uku, wani matashi da tabarau a goshi, ya karɓi kilit ya auna namijin notin da idonsa ya ce, "Faif ne wannan, Yallaɓai." Haka ne kuwa, M5 ne, kaurin milimita 5.

Na ce masa faranti nake so mai kaurin milimita 2, a huda a yanka masa tiredi. Ya girgiza kai. Ya ce tiredin wannan notin, kowane zagaye bai kai milimita ɗaya ba, a cikin milimita 2 zagaye biyu da ɗan wani abu kawai zai samu, ɗauri ɗaya mai ƙarfi zai cinye shi. Na ce to a ɗora macen noti a sama. Ya ce, "A sama ina? Ƙafarka fa za ta zauna a wurin." Sai ya juya farantin ya nuna min: a walda matan notin ta ƙasa, su nutse cikin robar takalmi, saman ya zama sumul. Kaurin kowace milimita 4 ne, ya ishi tiredi. Kuma da wani amfanin da ni ban hango ba. In aka sa wani ɗan siririn faranti ta waje, tsakanin kilit da takalmi, aka ɗaure, zai matse robar da ta rage har ya je ya tokari matan notin, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Daga nan babu sauran abin da zai lotsa noti ya saki. A gwajina na farko soso nake ɗaurewa, shi ya sa ko na ɗaure da safe, kafin yamma ya yi sako-sako.

Na roƙe shi ya yi min jeri biyu, huji huɗu, na biyun santimita ɗaya a bayan na farko, don farantin cikin takalmin gaske ma huji huɗu gare shi. Ya ɗaure matan da mazansu kafin ya sa wuta don kada zafi ya karkatar da su, ya ɗiga walda kaɗan-kaɗan, ya bari ya huce, ya sake bin tiredin ya share. Ya ɗora farantin a kan guntun reluwe ya ɗan bubbuga gaban ya tashi sama yadda takalmi yake. Gefuna kuwa ni na zauna na goge su da magagari da samfefa har sai da na shafa a kumatu ban ji kaifi ba, don ƙarfe mai kaifi a cikin takalmi ɗinki zai fara ci kafin ya zo kan fata. Aka shafa masa jan fenti na hana tsatsa.

Kuskure ɗaya muka yi, kuma nawa ne. Na sa ya yanka farantin tsawon ƙafa gaba ɗaya. Da na zura a takalmi na taka a nan cikin rumfarsa, sai na ji kamar an ɗaure min allo, ina ɗaga ƙafa kamar agwagwa. Na gwada tsugunawa irin ta gaida manya, na kusa kifawa. Ya yi dariya ya ce a haka ko surukai ba zan iya gaisarwa ba. Muka rage shi: ya fara daga bayan yatsu kaɗan, ya tsaya a tsakiyar ƙafa inda ta loɓa. Yatsu suka samu lanƙwasa, diddige ya samu sakewa.

Aikin Baba ya ci yini biyu, ba don yawa ba, don ba ya gaggawa. Ya zana taga a tafin takalmin, mai ɗan tsawo gaba da baya, domin bakin feda yana buƙatar wurin shiga, ba kilit kaɗai ba. Ya wasa wuƙarsa a dutse ya riƙa fere robar siri-siri kamar mai yanka kilishi. Zurfin ramin shi ne duk rigimar. In ya yi zurfi da yawa, robar gefe za ta tokari jikin feda kilit bai kai ga baki ba, ka yi ta dannawa a banza. In bai kai ba, ƙarfe zai riƙa taɓa ƙasa, kuma a kan feda ƙafa ta yi ta rawa hagu da dama don babu abin da ya tallafe ta. So ake kilit ya ɓuya kaɗan a ƙarƙashin robar, robar gefe biyu kuma ta zauna daram a kafaɗun feda.

Dabarar da ya yi ta burge ni. Ya goga alli a jikin fedar da na kwanto, ya danna takalmi a kai da hannu, ya ɗaga. Duk inda alli ya fito a roba, nan ke tokarewa, ya fere wurin. Ya sake gogawa, ya sake dannawa. A ƙafar dama sau bakwai na ƙirga. Na ce, "Baba, ai ya isa haka." Bai ko ɗago ba, ya ce, "Ranar nan ma ai cewa ka yi ya isa."

Da ramin ya yi, ya huda gurbin matan noti huɗu, ya kankare cikin takalmin da bayan farantin da samfefa, ya shafa gam a duka biyun, ya ajiye su a inuwa. Ya ce gam ɗin takalmi ba a haɗa shi da danshi, sai ya sha iska har in ka taɓa ba ya bin yatsa. Sannan ya haɗa, ya ɗora a kan ƙafar ƙarfensa ya bi da guduma. Ya yanko fata siririya ya rufe farantin ta ciki, ya zagaye bakin tagar da ɗinki ta waje don kada robar ta fara ɓallewa daga nan. Hujin da ba a yi amfani da su ba na toshe da gam ɗin gilashi, har da kewayen ɗan farantin waje, saboda ruwa. Shimfiɗar ciki ta asali ta yi kauri, na sauya da siririya.

Wani ƙaramin abu da ke iya ɓata komai shi ne tsawon noti. Na ɗaure na farko na shafa ta ciki, na ji kansa ya ɗan turo fata. Wannan a kilomita biyar zai zama ƙaya. Na kwance na rage shi da magagari har ya yi daidai da farantin. Na shafa wa kowanne giris, na ɗaure da alanki mai lamba 4, wannan kaɗan wancan kaɗan, don kilit yana son juyawa in aka matse gefe ɗaya. Na hagun na karkatar da shi daidai yadda ƙafar ta nuna min a kan tebur.

Kilit ɗin Shimano iri biyu ne. SH51 baƙi ne, ba ya saki sai ka murɗa diddige gefe. SH56 yana da harafin M a jiki, yana saki ko ka fizga sama a karkace. Wanda ya san cunkoson Kawo ranar Talata, da masu babur da ke fitowa ta inda ba hanya, ba sai an gaya masa wanda zai zaɓa ba. Na biyun na sa. A bayan fedar kuma akwai wani ɗan noti na alanki mai lamba 3, da alamar ƙari da ragi, shi ke tsaurara sifirin ko ya sassauta. Na mayar da shi can ƙarshen ragi, a fuska biyun kowace feda, don kowace fuska da nata. Wajen mayar da feda a keke, a tuna ta hagu tiredinta a juye yake, hagu ake murɗawa ta ɗauru.

Daren nan a zaure na kwana, kusan. Na dafa bango ina shiga ina fita, ƙwas, ƙwas, sau hamsin kowace ƙafa, har yara suka fara ƙirga min. Washegari na ɗan ɗaga sirdi, saboda ƙarfe da fata sun ƙara min tsawo, na cusa igiyar takalmin dama a ciki don kada sarƙa ta kama, na fita bayan asuba kafin titi ya cika.

Ba zan ce gudu ya ƙaru ba, ƙarya ce ba ta da amfani. Lokacin da nake kaiwa ofis kusan shi ne. Abin da ya canza shi ne ƙafa ta daina tunani. Ko a rami na faɗa, ko ruwa ake, ko na tashi tsaye a hawa, tana nan inda na ajiye ta, kuma zafin tafin ƙafa ya tafi. A danja ina iya jawo feda sama da ƙafa ɗaya in shirya tashi ba tare da na saƙalo ta da yatsa ba. Bayan sati guda na ji ɗan ciwo a gaban gwiwa da kuma jijiyar agara, na mayar da kilit jerin huji na baya, ciwon ya lafa. Ranar na sa wa yaron Panteka albarka. Na kuma sake bin notunan da alanki bayan kwana uku, da bayan sati biyu, duk sun karɓi ɗan ƙari, daga nan ba su sake motsi ba.

Yana da nasa aibin. Ya fi da nauyi, ana ji. Saman kambas ba a yi shi don a ja shi sama ba, in na fizga da ƙarfi sai in ji diddige na neman fita, saboda haka ba na wasan tsere da shi, kuma ba zan ba wanda ke tsere shawarar ya yi irinsa ba. A kan tayil ɗin ofis shiru yake, amma a kan tsakuwa yana ƙaras-ƙaras kamar mai tauna ƙanƙara. Jar lakar damina in ta cika ramin, feda ba ta kamawa sai na nemi tsinke na ƙwaƙule, yanzu har ɗan guntun waya nake ajiyewa a ƙarƙashin sirdi. Da hunturu kuma ƙura ke busar da sifirin, sai an ɗiga masa mai. Sau ɗaya ruwa ya shigo min ta ƙasa, a wata kwata da ta cika ta malalo kan titi, na cire shimfiɗa na shanya, na ƙara gam.

A masallaci kuwa, na koyi sassauta igiya yadda zan zare shi da ƙafa ɗaya in ajiye. Wata Juma'a a masallacin Sultan Bello na fito na tarar da wasu yara biyu sun kife shi suna gardama, ɗaya na cewa maganaɗisu ne, ɗaya na cewa na 'yan ƙwallo ne. Na hau keke na danna a gabansu ta ce ƙwas, na ɗaga ƙafa feda ta biyo. Har na sha kwana suna kallo.

Yanzu ya haura shekara. Robar gefen ramin ta sude, kilit ya fara taɓa siminti, ƙafar ma ta fara ɗan rawa a kan feda. Makon jiya na mayar wa Baba ya ƙara masa sabuwar roba a gefe biyu, na kuma gaya masa wani abokin aikina mai lamba ɗaya da ni yana son irinsa. Ya ɗaga murfin akwati ya zaro kwalin indomin nan, ya yi baƙi da gam, ɗigon da na sa suna nan. Ya ce abokin ya fara zuwa Panteka tukuna, kuma in gaya masa tun yanzu, kuɗin aiki ba na bara ba ne.